Ƙwayar hatsi ɗaya da gida sittin da huɗu

Ga wata lamba. Ku dube ta da kyau, kada ta ba ku tsoro:

18 446 744 073 709 551 615

Ku ƙirga alƙalumanta ɗaya bayan ɗaya. Ashirin ne cif. Na san wani zai ce: «Malam, mu da muke fama da lissafin jika goma, mi ya haɗa mu da wannan dodo?» To, a yi haƙuri a saurara. Wagga lamba daga ƙwayar hatsi ɗaya tak ta taso, kuma babu wani aiki a cikinta da ya wuce ninkawa biyu. Duk wanda ya san biyu da biyu huɗu ne, yana iya bin sawunta har inda ta kwana. Wanda kuwa ya gane halinta, akwai wasu masu wayo da ba za su sake cin kuɗinsa ba.

Kafin mu fara, ga gargaɗi. A kasuwa in an ce «ɗari», dala ɗari ake nufi, wato tamma 500. A nan ba kuɗi muke ƙirgawa ba, ƙwayoyi ne. In kun ga 100, ƙwaya ɗari ce, ba a ruɓanya ta sau biyar.

Ƙaƙa ake karanta ta? Ana farawa daga hannun dama, ana yanka alƙaluma uku-uku. Ukun farko, 615, ɗaiɗai ne. Na biye, 551, dubbai ne. Na biye, 709, miliyoyi ne. Duk abin da ya rage a hagu, wato 18 446 744 073, miliyar ne. Miliyar kuwa shi ne miliyon dubu. A taƙaice dai, miliyar sau miliyar har goma sha takwas, da ɗoriya mai yawa.

Inda labarin ya fito

Akwai wani wasa da Larabawa suke kira shaɗaranji. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne. Mutum biyu suke yin sa a bisa allo mai layi 8, kowane layi da gida 8. Takwas sau takwas, gida 64 ke nan.

Wani alƙali mai suna Ibnu Hallikan, wanda aka haifa a Irbil ta ƙasar Iraƙi a shekarar 1211, ya rasu a Dimashƙa a 1282, ya rubuta babban littafi na tarihin mashahuran mutane. A ciki ya kawo labarin wanda aka ce shi ya ƙago wasan, wani mutumin Indiya mai suna Sissa ɗan Dahir. Da Sissa ya kai wa sarki wasan, sarki ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ya faɗi abin da yake so a ba shi. Sissa bai roƙi doki ba, bai roƙi zinariya ba. Ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a gida na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa haka har gida na 64, sannan a tara a ba shi. Sarki ya raina roƙon, har ya ji haushi. Sai da ma'ajinsa suka zauna suka yi lissafi, suka komo suka ce masa duk alkamar da ke ƙasar ba ta isa, kai, ko ta duniya baki ɗaya.

Wannan labari ne irin na mutanen da, ana faɗinsa iri-iri. A wani wuri alkama ce, a wani wuri shinkafa. Amma lissafin da ke cikinsa ba tatsuniya ba ne. Shi kansa Ibnu Hallikan ya ce da farko bai yarda ba, sai da wani ma'aikacin lissafi na birnin Iskandariya ya zaunar da shi, ya nuna masa a takarda. Dabarar mutumin ita ce: da ƙwayoyi suka yi yawa sai ya daina ƙirga ƙwaya, ya koma ƙirga mudu, daga mudu ya koma rumbu, daga rumbu ya koma gari cike da rumbuna. Mu ma haka za mu yi, amma da namu hatsi da tamu tiya.

Mu cika allon

Ku ɗauko allo da alli. Layin farko mai sauƙi ne: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128. In kun tara su, 255 za ku samu. Ko cikin tafin hannu bai yi ba. Dole sarki ya yi dariya.

Layi na biyu ya fara da 256, ya ƙare da 32 768. Jimlar layi biyu: 65 535.

Yanzu mu auna. Ƙwayar gero ba ta da nauyi ɗaya, wani iri ya fi wani girma. Don lissafi ya yi sauƙi, mu ce ƙwaya 100 000 ke yin kilo ɗaya. Tiya kuma mu ce kilo biyu da rabi ce, wato ƙwaya 250 000. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, ƙwaya miliyon 10 ke nan. A bisa wanga awo, layi biyu na farko duka ba su kai sulusin tiya ba. Gida 16 sun wuce, har yanzu furar gida ɗaya ba ta samu ba.

A gida na 19 akwai ƙwaya 262 144. Ga tiya ɗaya ta cika. A gida na 24, ƙarshen layi na uku, akwai 8 388 608, ya kusa buhu. In an tara layi uku duka, buhu biyu ma bai cika ba. Har nan sarki yana iya cewa a ɗebo daga rumbun bayan gida.

A ƙarshen layi na huɗu, wato rabin allo, jimla ta kai 4 294 967 295. Buhu 429 ne da ɗoriya, wajen tan 43. Kayan babbar mota ne, amma sarki bai rasa wannan ba. Ai ko babban ɗan kasuwar hatsi na Maraɗi yana iya fitar da shi. Wanda ya tsaya nan zai ce: «To, rabi ya wuce da mota ɗaya, sauran rabin ma mota ɗaya, shi ke nan.» Nan ne kuskuren yake. Gida na 33 shi kaɗai mota guda ce. Na 34 mota biyu, na 35 mota huɗu. An koma farko, sai dai yanzu da mota ake ƙirgawa, ba da ƙwaya ba.

A shekara mai albarka, geron da Nijar duka take nomawa yana kaiwa tan miliyon 3 zuwa 4. Gida na 50 shi kaɗai ya fi tan miliyon 5 da rabi. Kuma saura gida 14, kowane yana ninka na bayansa. In aka kai ƙarshe aka tara duka, za a samu wajen tan miliyar 184. Ko da kowace shekara damina ta yi kyau, an samu tan miliyon 4, ba a ci ko ƙwaya ɗaya ba, ba a ajiye iri ba, sai Nijar ta yi shekara 46 000 tana biyan Sissa.

Da alkama kuma, kamar yadda labarin ya zo? Ƙwayar alkama ta fi ta gero nauyi. In muka ce ƙwaya 25 000 ke yin kilo, jimlar ta wuce tan miliyar 700. Alkamar da duniya duka ta noma a 2022 wajen tan miliyon 800 ce. Sai an tara irin wannan girbi na fiye da shekara 900. Ashe ma'ajin sarki ba su yi ƙarya ba.

Ga wani awo kuma, na lokaci. A ce mutum yana ƙirga ƙwaya ɗaya kowane sakan, ba barci, ba cin abinci. Miliyon ɗaya zai ɗauke shi kwana 11 da rabi. Miliyar ɗaya, kusan shekara 32. Lambar tamu kuwa, fiye da shekara miliyar 584. A watan Nuwamba na 2022 mutanen duniya suka cika miliyar 8. Da za a raba musu aikin, tsoho da jariri, kowa yana ƙirga tasa ƙwaya kowane sakan, sai sun yi shekara 73 kafin su gama.

Halin farko: kowane gida ya fi duk na bayansa

Wani zai tambaya: ƙaƙa aka san jimlar? An zauna an tara lamba 64 ne? Ana iyawa, amma akwai gajeriyar hanya.

Ku duba: 1 da 2 sun yi 3, gida na gaba kuwa 4 ne. 1 da 2 da 4 sun yi 7, na gaba 8 ne. Ku ƙara 8, ku samu 15, na gaba 16 ne. Kullum jimlar gidajen baya tana kasa gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak.

Don mi? Ku ari ƙwaya ɗaya wajen maƙwabci, ku sa ta kusa da ta gidan farko. Sun zama 2, daidai da gida na biyu. Ku haɗa da shi, sun zama 4, daidai da gida na uku. Ku haɗa, sun zama 8. Haka za ta yi ta tafiya: duk lokacin da kuka haɗa, tarin yana zama daidai da gida na gaba. In kun haɗiye gida na 64, tarin ya zama abin da za a sa a gida na 65, da akwai shi. Sai ku mayar wa maƙwabci ƙwayarsa.

Gida na 64 yana da 9 223 372 036 854 775 808. Ku ninka shi, ku samu 18 446 744 073 709 551 616. Ku ɗebe ƙwayar aro. Ga lambarmu ta fito, mai ƙarewa da 615.

Tun wajen shekarar 1000, wani babban masani mai suna Albiruni, mutumin Huwarizm a tsakiyar Asiya, ya fitar da wagga jimla daidai. Ninkawa biyu sau huɗu daidai yake da ruɓanyawa da 16 sau ɗaya, 64 kuwa huɗu-huɗu ne har 16. Saboda haka in ka jera 16 har guda 16, ka ruɓanya su da juna, ka ɗebe ɗaya, ka iso wuri guda. Babu na'ura a zamaninsa, alƙalami ne da haƙuri.

Inda allon Sissa yake shigowa gidanmu

Yanzu ku ajiye sarki, ku tuna da watan da rumbu ya ƙare, hatsi bai nuna ba. Mutum ya je ya karɓi buhu ɗaya, da sharaɗin in kaka ta yi ya biya biyu. Kaka ta zo ba ta yi kyau ba. Mai bashi ya ce ba komi, a bari sai baɗi, amma biyun nan su ma za su haihu. Baɗi huɗu ke nan. Sannan 8, sannan 16. A kaka ta biyar ana bin sa buhu 32, shi kuwa buhu ɗaya ya ci. Da za a bar shi har kaka ta goma, 1 024 ne. Ba ya kaiwa can, tun kafin nan gona ta tafi.

Na kuɗi ma haka yake, sai dai shi yana ɓoye fuskarsa. An ba ka jika 10, an ce kowane wata ka ɗora ɗaya bisa goma. Jika ɗaya a wata, ka ga kamar ba wani abu ba ne. Amma in ba ka biya ba, ana haɗa ruwan da uwar kuɗin, wata mai zuwa a lissafa ɗaya bisa goma na duka. A wata na takwas bashin ya wuce jika 21, ya ninka ke nan. In ya shekara biyu ya kusa jika 100. Tambayar da ya kamata mutum ya yi kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa ita ce: ruwan nan, shi ma yana haihuwa? In an ce i, to cikin wata nawa bashin yake ninkawa?

Akwai kuma wani abu mai kama da adashi, amma ba adashi ba ne. A adashi mutum goma ne, kowa ya san kowa, kowa yana zubawa, kowa yana kwasa. Wannan kuwa cewa ake yi: «Zuba jika biyar, ka kawo mutum biyu su ma su zuba, sai ka kwashi riba.» Wani lokaci baki da baki yake zuwa, wani lokaci ta wayar salula. Ku jera shi bisa allo. Mutum ɗaya a sama, biyu ƙarƙashinsa, huɗu, takwas. Sahu na 25 shi kaɗai yana bukatar mutum 16 777 216. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum 17 138 707 a Nijar duka, har da jarirai. Kafin a cika sahu na 33, mutanen duniya sun ƙare. Saboda haka dole abin ya tsaya, ko yau ko gobe. Kuma kun riga kun san halin farko: sahun ƙarshe ya fi duk na samansa yawa da mutum ɗaya. Wato duk ranar da ya tsaya, fiye da rabin waɗanda suka zuba kuɗi suna sahun ƙarshe, ba su kawo kowa ba, ba su kwashi komi ba. Wannan ba rashin sa'a ba ne. Haka aka gina shi tun farko.

Hali na biyu: mutum nawa za su raba ta daidai?

Mu koma ga lambar. A ce Sissa ya samu hatsinsa, ya mutu ya bar wa magada. Su nawa za su raba shi daidai wa daida, ba saura?

Mutum biyu ba su iyawa. Kowane gida yana rabuwa biyu, in ban da na farko mai ƙwaya ɗaya. Ita ce za ta rage. Alƙalamin ƙarshe ma ya nuna haka: lambar da ta ƙare da 5 ba ta rabuwa biyu.

Mutum biyar suna iyawa, don duk lambar da ta ƙare da 0 ko 5 tana rabuwa biyar. Wannan kowane ɗan kasuwa ya san shi, shi ne lissafin dala. Kowane ɗaya zai samu 3 689 348 814 741 910 323.

Mutum uku fa? Akwai dabarar da ake koya wa yara a lakkwal: ka tara alƙaluman lambar, in jimlarsu ta rabu uku, ita ma ta rabu. Ku tara ashirin ɗin nan, 87 za ku samu. 87 kuwa 29 ne sau uku. Ta rabu. Amma 87 ba ta rabuwa tara, don haka magada tara sai sun bar ƙwaya 6 a ƙasa.

Ni dai na fi son hanyar allo, don ita tana nuna dalili, ba amsa kaɗai ba. Ku haɗa gidaje biyu-biyu. 1 da 2 sun yi 3. 4 da 8 sun yi 12, wato 3 sau 4. 16 da 32 sun yi 48, wato 3 sau 16. Kowane haɗi tarin uku-uku ne. Gida 64 kuwa suna haɗuwa biyu-biyu ba wanda ya rasa aboki. Dole jimlar ta rabu uku.

Ku haɗa su huɗu-huɗu: 1, 2, 4 da 8 sun yi 15. Huɗun da ke biye, 16, 32, 64 da 128, sun yi 240, wato 15 sau 16. Ga dalilin da ya sa take rabuwa 15, wato 3 sau 5. Ku haɗa su takwas-takwas, layi-layi ke nan: 255. Ita kuwa 255 ita ce 15 sau 17. Ashe magada 17 ma za su raba ba faɗa. Wa zai iya gane haka da kallon alƙaluma kawai?

Bakwai fa? 1, 2 da 4 sun yi 7, saboda haka sai a haɗa gidaje uku-uku. Amma 64 ba ta haɗuwa uku-uku: haɗi 21 ne, gida ɗaya ya rage. Ku ware gidan farko gefe, ku haɗa sauran 63. 2, 4 da 8 sun yi 14. 16, 32 da 64 sun yi 112. Duk suna rabuwa bakwai. Magada bakwai za su raba dukiyar da ta fi ƙarfin duniya, su tashi a kan ƙwaya ɗaya da ta rage.

Yanzu ku lura da wani tsari. Ka ɗauki jimla, ka ƙara mata 2, ka ruɓanya su, sai ka samu jimlar gidaje ninkin na farko:

1 sau 3, 3 ke nan (gida 2).
3 sau 5, 15 (gida 4).
15 sau 17, 255 (gida 8).
255 sau 257, 65 535 (gida 16).
65 535 sau 65 537, 4 294 967 295 (gida 32).
4 294 967 295 sau 4 294 967 297, lambarmu (gida 64).

Dalili shi ne: layi na biyu, alal misali, layin farko ne aka ruɓanya sau 256. Tari ɗaya na 255 da tari 256 na 255, tari 257 ke nan. Sauran ma haka.

Kuskuren alƙalin Tuluz

Akwai lambobin da ba su rabuwa da komi, sai da 1 ko da kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da sauransu. A nan mu kira su ƙi-rabo. Su ne tubalin lissafi. Kowace lamba, komi girmanta, ko dai ƙi-rabo ce, ko kuwa an gina ta da ruɓanya waɗansu ƙi-rabo da juna. 12 ita ce 2 sau 2 sau 3. 255 ita ce 3 sau 5 sau 17.

Ku duba waɗanda suka fito a jerin da ke sama: 3, 5, 17, 257, 65 537. Dukansu ƙi-rabo ne. Ta shida fa, 4 294 967 297?

A birnin Tuluz na ƙasar Faransa an yi wani alƙali mai suna Ferma, ana rubuta sunan Fermat. Shari'a ce aikinsa, lissafi kuwa abin sha'awarsa ne, kuma ya gwanance ƙwarai. A shekarar 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana ganin duk lambobin wanga jeri ƙi-rabo ne, har abada. Ya faɗi gaskiya cewa bai samu cikakkiyar hujja ba. Biyar na farko ya gani, zuciyarsa ta ba shi sauran ma haka suke.

Shekara 92 maganar tana nan. A 1732 wani saurayi ɗan ƙasar Suwis mai shekara 25, yana aiki a Rasha, sunansa Oyla, ana rubuta shi Euler, ya nuna cewa ta shida tana rabuwa da 641. Daga baya ya bayyana cewa ba sai an gwada kowace lamba ba. Duk wadda za ta raba ta, dole ta kasance ninkin 64 da ɗaya a kai: 65, 129, 193, haka haka. Ta goma a jerin ita ce 641.

Kada ku yarda don na faɗa. Ku rubuta 6 700 417. Sau 600 ya ba da 4 020 250 200. Sau 40 ya ba da 268 016 680. Sau 1 ya ba da 6 700 417. Ku tara ukun: 4 294 967 297. Aikin da kuka yi cikin minti biyar a kaye, shi ne ya kayar da maganar babban masani. Abin mamaki kuma, tun daga 65 537 ba a sake samun ƙi-rabo ko ɗaya a wanga jeri ba, duk da manyan kwamfutocin da aka sa su nema. Duk wadda aka iya gwadawa, sai a tarar tana rabuwa.

To, ga tubalin lambarmu guda bakwai, kowane sau ɗaya ya shiga ginin:

3, 5, 17, 257, 641, 65 537, 6 700 417.

In ka ruɓanya su duka, ka samu hatsin Sissa. Duk lambar da ba a gina ta da waɗannan ba, ba ta raba shi. Shi ya sa 7 ta kasa, 11 da 13 ma sun kasa. 9 kuwa ta kasa don tana bukatar 3 har sau biyu, ginin kuwa 3 ɗaya gare shi.

Tana cikin aljihunku

Ga hali na ƙarshe. A ce an cika allon, an ce ka ɗebi ƙwaya 100, amma in za ka taɓa gida sai ka kwashe shi duka. Ka ɗauki gidan 64, da na 32, da na 4. Ɗari ta cika. Ƙwaya 13 fa? 8 da 4 da 1. Kowane adadi, daga sifiri har zuwa lambarmu, yana fitowa ta haka, kuma ta hanya ɗaya kawai. Ga kowane gida, amsa biyu ce: ɗauka ko bari.

Da wannan dabara kwamfuta take ƙirgawa. Ba ta san alƙaluma goma ba, abu biyu ta sani: wuta ta kama, ko ba ta kama ba. Yawancin kwamfutoci da wayoyin salula na zamani suna riƙe lamba a jerin gurbi 64. In duk gurbi 64 sun kama, lambar da suka nuna ita ce 18 446 744 073 709 551 615. Iyakar abin da jeri ɗaya ke ɗauka ke nan. In aka ƙara ɗaya, babu gida na 65, sai duk su mutu a koma sifiri.

Aikin gida

Darar da ake yi a ƙasa ƙarƙashin inuwa, mai layi 5 da gurbi 6 a kowane layi, gurbi 30 gare ta. A ce Sissa dara ya ƙago. Ku ninka har gurbi na 30, ku ƙara ninkawa sau ɗaya, ku ɗebe ƙwayar aro. In ba ku yi kuskure ba, za ku samu 1 073 741 823, wato buhu 107 da ƴan tiyoyi. Wannan kam sarki yana biya.

Sannan ku gwada rabo ba tare da kun yi dogon lissafi ba. Gurbi 30 suna haɗuwa biyu-biyu? Suna haɗuwa uku-uku? Huɗu-huɗu fa? Daga nan ku faɗi ko magada 3, ko 7, ko 5 za su raba hatsin ba saura. Wanda ya ce bakwai suna iyawa, ya raba ya gani ko kowa zai samu 153 391 689.